Famfon da Ya Ƙi Hutawa

Zuwa ga ƙanena Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da zafin Legas. Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan Kazaure alhamdulillahi, Inna ta warware, har ta koma yi mana faɗa.

To, maganar famfon sola da ka haɗa mana a gonar albasa. Ka tuna ka zana mini da'ira uku da kibiyoyi, ka ce injin hali uku gare shi: jira, ban ruwa, hutu. Ka ce wani laburaren manhaja ka ɗauko, wato shiryayyen tsarin kwamfuta, wanda ba ya barin inji ya tsallaka daga hali zuwa hali sai ta kibiyar da ka rubuta, kuma inji ba zai daina ban ruwa ba sai ƙarfen da ka soka a ƙasa ya ji laima. Wallahi laburaren nan ya fi soja bin doka!

Ranar kasuwar Gwiwa na tafi, na bar wa Baffa Daudu gonar. Da ya ga ƙarfen nan cikin caɓi, tausayi ya kama shi. Wai kayan lantarki da ruwa ba sa shiri, kuma yaro ya kashe kuɗinsa. Ya zare shi, ya goge da hularsa, ya ɗaure a leda, ya rataye a darbejiya. Ƙarfe bai ji laima ba, famfo kuwa ya yi ta zuba tun hantsi. Da la'asar na dawo na tarar da albasata tana iyo. Na danna maɓallin kashewa har yatsana ya yi zafi, ashe ba ka sa kibiya daga ban ruwa zuwa kashewa ba. Sai da na tuɓe babbar rigata na lulluɓe farantan sola kafin wuta ta yanke famfo ya tsaya, ni da singileti, mutane suna kallo.

Rabin albasa ya ruɓe, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Baffa kuwa har yau jira yake a gode masa, wai ya ceci ƙarfe. Don Allah ka ƙara kibiya biyu: ɗaya ta kashewa, ɗaya kuma idan Baffa ya shigo gona komai ya tsaya.

Gaida Nafisat da yara. Inna na gaishe ka. Baffa ma, ya ce in gaya maka ƙarfenka na nan a bushe.

Yayanka,
Haladu