Dayi Uku a Bakin Dajin Kakangi

Daga Abarshi a Birnin Gwari zuwa ga yayata Mairama a Zariya. Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ke da maigida da yara kuna lafiya.

Bayan haka, jikin Inna ya tsananta. Ciwon cikin nan ne ya dawo, ga ido ya tafi gaba ɗaya. Ta ce in haƙo mata saiwar dayi, ciyawar nan mai ƙaya da take yi wa mutane magani da ita. Na je bakin dajin Kakangi na ciko kwando, ta shafa ta ture.

Ashe dayi iri uku ne a wurin. Ɗaya magani ne, ɗaya na dabbobi, ɗaya kuma zawonsa yana kayar da ƙato. Ganye ɗaya, saiwa ɗaya, sai sun yi fure ake rabe su. Na nemi ta faɗa mini launi, ta ce launi yana ruɗi, mai ja yakan fito fari. A yatsa take ganewa, wajen lanƙwasar ƙayoyin da ke riƙe da furen. In na kawo kawunan furen za ta nuna mini, amma ba su fito ba tukuna.

Shekara nawa tana ja na zuwa dajin nan, tana ɗora yatsana a kan furen, ni kuwa hankalina yana kan farautar zabi. Kunya ta ishe ni. Ko kin tuna wani abu? Ki aiko ta hannun fataken da suka kawo wannan.

Ƙaninki, Abarshi.

Daga Abarshi zuwa ga Yaya Mairama. Gaisuwa da ta'aziyya. Yaya haƙuri?

Saƙonki ya iso. Gaskiya kika faɗa, ke aka bari gida da turmi, ni aka ɗauka daji don ni ne namiji. Ban ji haushi ba.

Kwana tara bayan mun rufe Inna dayi ya yi fure. Na tsinko kawunan duka uku, na shafa har yatsuna suka yi jini. Kowanne ƙaya ce kawai a hannuna.

Jiya Bakoji, makiyayin da ke sauka a Kuyello, ya kawo matarsa da irin ciwon Inna. Ga furen a gabana, ga saiwa cike da kwando. Na ba su ruwa suka sha, na raka su bakin hanya.

Allah ya jiƙan Inna. Ki yafe mini.

Ƙaninki, Abarshi.