Soket Ɗin Kicin

Litinin, 2 ga Oktoba

Sun kira ni! Kamfanin nan na Batam. Wata Bu Hesti ce, mai ɗaukar ma'aikata, muryarta a sanyaye kamar ta likita. Laraba ta mako mai zuwa za su yi min tambayoyi ta bidiyo, in nuna musu fuskar kwamfutata suna kallo, su ba ni matsala in warware. Aikin shi ne taimakon mutanen da kwamfuta ta rikice musu. Wato abin da nake yi wa rabin ƙauyen nan kyauta tun ina sakandare.

Na faɗa wa Ibu, mahaifiyata, tana gyaran barkono. Ba ta ɗago ba. "Batam, Nduk? Can da sai an hau jirgi?" Nduk take kirana, wato 'yata. Na ce jirgi ai ba ya cizo. Ta ce to.

Wannan "to" ɗin na san shi. Tun da Bapak, mahaifina, ya rasu mu biyu ne a gidan, kuma ba ta son ya koma mutum ɗaya. Amma ni Laras ba zan tsufa ina cire wa 'yan unguwa ƙwayar cuta daga waya ana biyana da mangwaro ba.

Talata, 3 ga Oktoba

Wi-Fi ya yanke da safe, ya sake yankewa da la'asar. Ya yi ta haka tun watan jiya ina share shi, yanzu kam dole in duba. Ƙaramin abu ne.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Ba ƙaramin abu ba ne sosai.

Sabis ɗinmu daga gidan Pak Darto yake zuwa, maƙwabcinmu, shi ya ja intanet ya raba wa gidaje huɗu. Kafin ya ratso katanga da bishiyar mangwaro ya iso ɗakina ya rage saura ƙiris, amma da can yana riƙewa. Na je na same shi yana wanke babur. Na ce na'urarsa ce ke wasa da mu. Ya yi dariya har da riƙe ciki: "Ke 'yar boko, matata tun safe take kallon wasan kwaikwayo ko tari bai yi ba. Je ki duba akwatin naki."

Haushi ya kama ni, don gaskiya ya faɗa. Wayata ma ba ta yankewa. Laftof ce kaɗai.

To direba ne. Ɗan shirin nan da ke haɗa kwamfuta da katin da ke kama Wi-Fi. Na cire shi na sa sabo. Ya yi lafiya har azahar, na fara yabon kaina, sai ga shi ɗif. Na koma tsohon da ya gabace shi. Na karanta bayanan da kwamfutar ke ajiyewa, layi bayan layi: ya haɗu, ya rabu, ya haɗu, ya rabu. Dalili kuwa ko ɗaya.

Na gwada jawo intanet daga wayata, amma layin waya a ƙauyen nan sai ka hau tudun makabarta.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Mas Wiryo ya kira daga Semarang. Ɗan yayar Ibu ne, kullum yana da shawarar da ba a tambaye shi ba. "Ki shiga gari ki zauna a shagon shayi mai intanet mana, ki huta." Na ce Mas, mai neman aikin gyara ce za ta gudu daga tata kwamfutar? Kuma direban da ke yankewa a gida me zai hana shi yankewa a shagon shayi? Ya ce taurin kaina na Bapak ne. Na ce na gode.

Zan kama shi. Ban taɓa haɗuwa da matsalar da ta wuce mako a hannuna ba.

Asabar, 7 ga Oktoba

Zafi kamar a cikin tanda. Wi-Fi ya yi awa uku lafiya, sannan ya faɗi. Wani lokaci ya dawo da kansa ban taɓa komai ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Abin da ya gyaru da kansa ai raina ni ya yi.

Ibu ta kawo min tempe soyayye, wainar nan ta waken soya, ta ajiye ta tsaya a bakin ƙofa. "Ya ƙi ko?" Na ce zai yi. Ta ce, "In ya ƙi ai ba laifinki ba ne." Ban so yadda ta faɗe shi ba.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Na kama shi. Kuma da ma ban buɗe baki ba.

Da la'asar ya yanke, na tashi in sha ruwa don kada in jefar da laftof ɗin ta taga. Ɗakina ba shi da soket mai aiki, doguwar waya na ja daga kicin ta ƙarƙashin ƙofa. Ina shiga na ga kan doguwar wayar tawa a cire a ƙasa, tukunyar lantarki a jone tana huci.

Mitarmu ƙarama ce, irin ta yawancin gidajen layinmu. Ka haɗa tukunyar shinkafa da wani abu, wuta ta ɗauke gaba ɗaya, sai an fita waje an ɗaga makunni. Shi ya sa tun ina yarinya dokar gidan ɗaya ce: kafin a jona tukunya, ko dutsen guga, ko injin ruwa, a cire duk abin da ke jone. Ibu ba ta ma san tana yi ba, hannunta ne ke yi. Ni ma da haka na tashi.

Tana cirewa, laftof ta koma kan batir. Tana komawa batir, direban ya shiga tsimin wuta, ya rage wa katin ƙarfi, ɗan sabis ɗin Pak Darto ya suɓuce. Shinkafa ta nuna, ta mayar da wayata, komai ya dawo. Alamar batir kuwa ni na cire ta daga fuskar kwamfutar da hannuna watan jiya, wai tana ɓata min tsari.

Maimakon in yi dariya, sai na ji bakina yana cewa, "Ibu, ashe ke ce! Mako guda ina haukacewa kina kallona. In ba kya son in tafi ki faɗa min mana, ba sai kin riƙa cire min wuta ba."

Ta tsaya da ludayi a hannu. Ta dubi soket, ta dube ni. "Shinkafa na ɗora, Nduk." Shi ke nan abin da ta ce. Da magariba ta ci abincinta a bayan gida.

Litinin, 9 ga Oktoba

Layi ɗaya tak. Na kashe tsimin wutar a saitin direban, na sake kunna kwamfutar. Na cire caja da kaina, na yi kiran bidiyo da Mas Wiryo har ya gaji da ni. Ko gezau. Yanzu a cire, a jona, duk ɗaya ne.

Na ce zan kama shi, na kama shi.

Ban faɗa wa Ibu ba. Ba ma wata magana sosai. "Ga shayi." "To."

Laraba, 11 ga Oktoba

Na yi musu kaca-kaca, cikin ladabi. Suka ba ni firinta da ta ƙi bugawa, na gano ta kafin mutumin ya gama bayani. Bu Hesti ta tambayi matsala mafi wuya da na taɓa warwarewa, na ba su labarin tukunyar shinkafa, suka yi ta dariya. Na faɗe shi da daɗi, ban sa ƙarshensa ba.

Sai da na rufe laftof na lura gidan ya yi tsit. Babu ƙarar firji, babu fanka.

Na leƙa kicin. Ibu ta cire komai, har agogon bango mai kiran salla. Tukunyar ba ta nan, ashe tun da safe ta kai gidan Pak Darto ta roƙi matarsa ta dafa mana. Ita kuma tana zaune a kan 'yar kujerar wanki a gindin soket, cikin zafin nan, gumi ya jiƙa ɗankwalinta, ta danne kan wayata da tafin hannu. Soket ɗin ya ɗan saki, tana tsoron kada ya zame.

Tun fara kiran take a haka.

"Ya tsaya?" in ji ta.

Na so in ce mata ba a buƙata, tun shekaranjiya na gyara. Maganar ta zo har bakina.

Na ce, "Ya tsaya, Ibu. Bai yanke ba ko sau ɗaya."

Ta saki wayar tana murza yatsunta. "Alhamdulillahi. To kunna min fanka, na kusa dahuwa."

Na shiga banɗaki na daɗe. Zafi ne ya sa idona ruwa.

Litinin, 16 ga Oktoba

Sun ɗauke ni. Da ma na sani.

Bu Hesti ta ce in fara ƙarshen watan nan, na ce ko za a bar ni sai Disamba. Akwai abubuwan da zan kammala. Soket ɗin kicin yana son canji, kuma Ibu ba ta iya amsa kiran bidiyo ba, kullum kunnenta take nuna wa Mas Wiryo. Koya mata zai ɗauki lokaci, ba ta da saurin kamawa. Dalilin ke nan, ba wani abu ba.

Na mayar da alamar batir.

Ɗazu na ji Ibu tana wanke shinkafa, na tashi na je na cire wayata da kaina na miƙa mata soket ɗin. Ta dube ni. "Ba zai yanke miki ba?" Na ce ya yanke ɗin, ba inda za ni yau.

Da shinkafar ta nuna, ta zuba min har da ƙanzo.