Kada Ki Sa Shi Amai

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya Umma da ƙafarta? Ya sabon aiki a sashen gaggawa? Ni lafiya lau, kada ku damu. Har yanzu dai ba a ba ni izinin taɓa marar lafiya ba, sai aka ajiye ni a ɗaki marar taga ina tantance darussan guba na intanet da likitocin asibitin nan ke karantawa. Ba laifi, aiki ne. Sai dai in na ji jiniyar motar asibiti nakan miƙe, sannan in tuna ba ni ake jira ba.

Kin tambayi shafin da za ki amince da shi. Ki duba wa ya rubuta, yaushe aka sabunta, kuma ina ya samo maganarsa. Jiya na kalli wani bidiyo mai kyau a ido, mutum cikin farar riga yana cewa a sa yaron da ya sha kananzir amai. Nan take na kashe. Aman ne ke kai kananzir ɗin huhu.

Sai na tuna ranar da kika sha na fitila kina rarrafe. Maƙwabta na ta ihu, "A sa mata yatsa!" Umma ta ce, "Ba mai taɓa min 'ya," ta goya ki, ina biye da takalmanta a hannu har asibiti.

Zan turo miki shafuka biyu da na yarda da su. Allah ya yi miki albarka. In kin samu sarari, ki kira ni daga sashen. Ko ba ki ce komai ba, in dai ji hayaniyar.

Yayarki