Jaridun Kilishi a Akwatin Yaya Sani

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan tambaya sai kai. Inna lafiya lau, ƙafar ce dai. Ta ce in haɗa kayanka in sa a kwantenar da za ta tashi zuwa gida ran Litinin, kada in rage ko allura.

Jiya na buɗe akwatinka a shagonmu na kasuwar Tianxiu, nan ƙasar waje. Ka tuna tsiyar da nake maka? In baƙo ya zo daga Kano da kilishi, mu muna wawar nama, kai kana miƙe jaridar da aka naɗo shi. Na ɗauka kewar gida ce. Ashe zaɓa kake yi. Duk shafin da ka ajiye, maganar maza masu neman maza ce.

Na bi su yadda ka jera. Tsofaffin 'yan labarai ne a gefe, an rubuta su kamar abin dariya. Lokacin muhawarar dokar hana auren jinsi maganar ta hau shafin farko da manyan baƙaƙe, malamai da 'yan majalisa kowa na faɗin nasa. Sai hotunan waɗanda aka kama, har da sunan unguwa. Na baya-bayan nan sun fara rufe musu fuska, wani ɗan jarida ma ya ji ta bakin lauya. Amma ban ga inda aka tambayi mutanen da kansu ba.

Me kake nema a ciki, Yaya? Ranar da za su sassauta murya kake jira? Wani ka sani, ko kai ne? Shekara tara muna ɗaki ɗaya, ban taɓa tambayarka me ya hana ka aure ba.

Akwai shafin da na gane. Ni na karanta shi da ƙarfi a shago, muna ta ƙyaƙyatawa. Ka tashi ka tafi kasuwar Canaan, wai duba kaya. Ban san ka tsince shi daga shara ba. Wallahi kunya ta kama ni.

Kawu zai buɗe akwatin gaban dangi ranar rabon gado, shi ya sa na cire jaridun. Suna wurina, ban ƙona ba. In Inna ta tambaya ko na rage wani abu, zan ce a'a.

Ka yafe mini dariyar, Allah Ya yafe mini ƙaryar. Allah Ya haskaka makwancinka.

Ƙaninka,
Bashir