Ƙarfen Shaidar Baba

Kuwala Lamfur, Maleshiya
9 ga Maris, 2014

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina gajiya, ya jikin naki? Ya Zaliha da yaranta, da mutanen Bagega baki ɗaya? Ni lafiya lau nake. Na ɗan rame, amma shinkafarsu ce ba ta riƙe ciki, kar ki damu.

Malaminmu ya ba ni aiki in kwatanta yawan tamburan kasuwanci da baƙi suka yi wa rajista a nan da kuma Indunusiya, a ga inda suka fi yawa. Wata biyu ke nan ina duba su ɗaya bayan ɗaya.

Inna, shekaranjiya na ci karo da shaidar Baba, wadda yake ɗora wa shanunmu da wuta: ƙafar zabo da ɗigo biyu. Har yatsan nan da maƙeri ya karkace yana nan. Na duba na ɗaya ƙasar, nan ma ga ta. Sunan mai ita Barau, wato sunan Baba, garinsa Bagega. An shigar da takardun bara, alhali shekara huɗu ke nan da muka kai Baba makwancinsa.

Na nuna wa malamin, ya ce in ƙirga ta cikin sauran in wuce. Na kasa.

Don Allah a aiko mini da yaji, a kuma yi wa Baba sadaka ranar Juma'a. Sannan ki leƙa bayan rumbu inda muka rataye ƙarfen shaidar. In ba ya nan, ki gaya mini. In yana nan kuma kin ji shi da ɗumi, kar ki gaya mini.

Ɗanki,
Lirwanu