Maɓallin da bai tambayi Alhaji ba

Talata, bayan isha'i, Birnin Kudu

Yau a Gwaram, a ofishin ƙungiyar manoma, Alhaji shugaba ya buɗe shafin intanet na rajistar irin shuka da na gina musu, yatsansa ya taɓa "Goge", sunayen mutanen garin Zandam suka tafi gaba ɗaya. Maɓallin ko tambayarsa bai yi ba.

Maɓalli ne na asali, ni na ɗora masa ƙarin aiki, kafin ya goge komai ya ce "Ka tabbata?" A kwamfutata yana tambaya, a wayata ma haka. Ashe burauzar wayar Alhaji, wato manhajar da ke buɗe shafin, ba ta san wannan ƙarin ba, sai ta ɗauke shi maɓalli kawai, ta yi abin da aka ce. Akwai ɗan gyaran da ake haɗawa saboda irin waɗannan burauzoji. Na san da shi. Tun watan jiya nake cewa sai gobe.

Na dawo da sunayen daga kwafin da na ajiye ranar Juma'a. To waɗanda suka yi rajista bayan nan fa? Jibi ne rabon irin. Ina ta hango wani dattijo ya sauko daga babur da buhunsa, a duba a ce babu sunansa, ga ruwa ya sauka.

Abin da ya fi tayar min da hankali, Alhaji ya dafe kai yana cewa, "Malam, ka yafe ni, tsufa ne, na ɓata maka aiki." Wai jibi zai tsaya gaban jama'a ya ɗauki laifin.

Ni kuwa na buɗe baki na ce, "Ba komai, Alhaji."