Inna, Na Kai Babbar Bakura

Zuwa ga Inna, bayan sallama da gaisuwar ban girma. Allah ya haskaka makwancinki.

"Ke ɗiyag ga, ɗiyar fari ba ta zama hannun uwa. Ki kawo min babbar." Haka Gwaggo Dije, ƙanwar Baba, ta ce mini ranar Talata, bayan ta gama cin kasuwa ta biyo gidana. Ina wanke kwalaben madara guda huɗu, ban ɗago ba. Na ce to.

Kin bar ni ba ko ɓari, shekara tara da aure. Kin tuna jiƙe-jiƙen da kika ɗura mini, kina cewa boko ne ya busar da ni? To bokon ne ya jiƙa ni. Bayan rasuwarki wani likita a Zariya ya ɗora ni kan ƙwayoyi da allurai. Ɗaya na roƙa, aka yanka cikina aka ciro huɗu: Hassana, Husaina, Gambo da Auwalu. Nas ta ɗaura wa Hassana, wadda aka fara cirowa, jan zare a hannu. Minti biyu ta ba 'yan uwanta, shi ke nan ta zama 'yar fari.

Ban je wankan gida ba, don ba gidan. Ɗakinki na ƙarƙashin ruwan madatsar Bakolori, can gefen Maradun, tare da tsamiyar da kike sussuka a gindinta. A Mafara na yi jego, a gidan ma'aikatan noman rani, maƙwabta suna layi su ga abin al'ajabi. Kowa ya shigo sai ya ce lallai farin ciki zai kashe ni. Ina murmushi. Na karanta tarihi a jami'a, na san yadda ake ba da amsar da mai tambaya yake so.

Gaskiyar ita ce ba na jin komai, Inna. Ina ƙirga su ne kawai. Huɗu a tabarma, huɗu a baho, cokali huɗu na kunu, sannan in tafi makaranta in koyar. Mata suna yabona wai malama ce amma ta riƙe kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunan Hassana, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. Ba wanda ya lura sauran ukun ma ba na yi musu.

Yanzu kuma ga wani cikin, ba ƙwaya ba allura. Dole a yaye su. Mahaifinsu ya ce Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ke da za a kai wa ba kya nan. Ya bar mini zaɓi, wato ya fita ya bar ni da shi.

Ni ma 'yar farinki ce. Ba ki taɓa kiran sunana ba. Ranar da na dawo da digiri kika dubi kaza kika ce, "Wagga ta dawo, a ba ta hura." Shekaru ina cewa al'ada ce. Yanzu ina son in tambaye ki, kunya ce ta hana ki, ko ke ma gajiya ce irin tawa? Sai dai na tuna kofin hurar nan, nonon ya fi na kowa kauri.

Jiya na kai Hassana Bakura, gidan Gwaggo. Na haɗa rigunanta da jan zaren, wanda ban san na ajiye shi ba sai da na gan shi a cikin takardun makarantata. Gwaggo ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura. Hassana ta zauna tana wasa da ludayi. Na jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina. Shiru.

A zaure na tsaya gyara mayafi, sai na ji bakina ya ce, "Hassana." A hankali, ba wanda ya ji. Ban san ko ke ma kin taɓa yin haka a bayan wani ƙyaure ba.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe miki, ya raya mini su duka, har wadda ba ta ɗakina. Gwaggo ta ce in yi sauri kar yarinyar ta waiga. Ta turo ƙyauren, na ji ƙarar sakata, na nufi tasha.

Ɗiyarki ta fari,
Rabi